Waiwaye: Yadda Amurka ke auna Turancin 'ya'yan baƙi, da wanda ake tuhuma idan ba su iya ba

Ranar da mutum ya kai ɗansa rajista a makarantar gwamnati a Amurka, cikin takardun da ake miƙa masa akwai wata 'yar gajeruwa mai tambayoyi kamar uku: wane harshe yaron ya fara koya, wane harshe ya fi yi, wane harshe ake yi a gida. Bahaushen da ke zaune a unguwar Bronx ta New York, ko ɗan Zangon Kumasi ne ko mutumin Maraɗi, idan ya rubuta "Hausa" a layi ɗaya daga ciki, to ya buɗe wata ƙofa ko bai sani ba. Za a yi wa yaron gwajin Turanci. Dokar tarayya ta ba makaranta kwana 30 ta tantance shi, jihar New York kuma ta rage wa kanta zuwa kwana 10 na karatu. Idan bai kai makin da aka yanka ba, sai a sa sunansa cikin rukunin "masu koyon Turanci", kuma daga ranar kowace shekara sai ya zauna jarrabawar ji, da magana, da karatu, da rubutu, har ranar da aka ce ya ƙware.

Yara sama da miliyan 5 ne ke cikin wannan rukuni, wato kusan ɗalibi ɗaya cikin kowane 10 a makarantun gwamnatin ƙasar. Kusan kashi uku cikin huɗunsu Sifaniyanci suke yi a gida, sai Larabci ke biye daga nesa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, sakamakon jarrabawar ba na yaron kaɗai ba ne. A gida mun saba cewa wanda ya faɗi Turanci a WAEC shi zai ɗauki kayansa a ka. A can doka ta juya tambayar ga makaranta: me kuka yi masa a shekarar nan?

Ba haka aka faro ba. Har zuwa shekarun 1960, abin da aka saba shi ne a jefa yaro aji, ko ya iya iyo ko ya nutse. A wasu makarantun Tekzas ma horo ake yi wa yaran da aka ji suna Sifaniyanci a tsakar makaranta. A 1967 Sanata Ralph Yarborough na Tekzas ya tura dokar koyarwa da harshe biyu, Shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu a farkon 1968. Shi Johnson ya san matsalar ido da ido, domin a 1928 ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a garin Cotulla. Sai dai dokar kuɗi kawai ta tanada ga makarantun da suka ga dama, ba ta tilasta wa kowa komai ba.

Tilas ɗin daga kotu ya zo. A San Francisco, yara 'yan asalin ƙasar Sin kusan 1,800 suna zaune a aji ba sa jin abin da malami ke faɗi, kuma ba a ba su wani darasin Turanci na musamman. Iyaye suka kai ƙara da sunan wani yaro, Kinney Lau. Hujjar hukumar makarantun ita ce ai ba ta nuna wa kowa bambanci ba, aji ɗaya, littafi ɗaya, malami ɗaya. A Janairun 1974 Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujja ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba. Mai shari'a William Douglas ya bayyana cewa ba yara littattafai da malamai iri ɗaya ba adalci ba ne, matuƙar wasu ba sa fahimtar harshen da ake koyarwa da shi. A shekarar ce kuma majalisa ta sa a doka cewa wajibi ne makarantu su ɗauki matakin da ya dace don kawar da shingen harshe.

To mene ne "matakin da ya dace"? Amsar ta fito a 1981, a shari'ar da wani uba, Roy Castañeda, ya yi da hukumar makarantun Raymondville a Tekzas. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a duba abu uku: shirin ya ginu a kan ilimin da masana suka yarda da shi, a ba shi malamai da kayan aiki na gaske, sannan bayan ɗan lokaci a duba ko yana haifar da ɗa mai ido, in ba ya yi a canza. Wannan sharaɗi na uku shi ne tushen duk awon da ya biyo baya. Ba za a san ko shiri yana aiki ba sai an gwada yaran.

An shafe shekaru 20 bayan nan ana ta jayayya a kan hanya, ba a kan awo ba: a koyar da harshen gida tare da Turanci, ko Turanci zalla? Masu jefa ƙuri'a a Kalifoniya suka zaɓi Turanci zalla a 1998, Arizona ta bi a 2000, Massachusetts a 2002. Kalifoniya ta warware nata a 2016. A duk tsawon lokacin, jihohi da yawa kan tsame waɗannan yara daga manyan jarrabawoyi, kuma yaron da ba a ƙirga shi ba babu mai tambayar inda ya kwana.

A nan dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu ranar 8 ga Janairu, 2002 ta shigo, wadda ake kira NCLB, ma'ana kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Ta wajabta wa kowace jiha ta tsara mizanin ƙwarewa a Turanci, ta gwada kowane mai koyo duk shekara, kuma ta fitar da sakamakonsu daban, kada a ɓoye shi cikin jimlar makaranta. Gundumomin makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya na wannan fanni aka ɗora musu buri uku: yara nawa suka ci gaba, nawa suka ƙware, kuma yaya rukunin ya yi a jarrabawar karatu da lissafi ta jiha. Gundumar da ta gaza sai ta rubuta wa iyaye ta sanar da su. In ta gaza shekara biyu a jere sai ta kawo tsarin gyara, in ta kai huɗu ana iya sa ta canza manhaja ko ma'aikata.

Ni dai ina ganin wannan doka ta yi abu ɗaya babba da ya cancanci yabo. Ta sa shugaban makaranta ya san sunan yaron da ke zaune a kujerar baya shiru. Amma an gina ma'aunin da wata ɓaraka da ta daɗe tana cutar da malamai masu ƙoƙari.

Dokar ta ce zuwa 2014 kowane rukuni na ɗalibai, har da masu koyon Turanci, ya kai matakin ƙwarewa ɗari bisa ɗari a karatu da lissafi. Alhali shi wannan rukuni, abin da ya haɗa shi tun farko shi ne rashin ƙwarewa a Turanci. Duk yaron da ya iya, sai a cire shi daga rukunin. Duk shekara kuma sababbi na shigowa, wasu ko "sannu" ba su sani ba da Turanci. Kamar a ce za a auna ƙwazon asibiti ta hanyar duba waɗanda ke kwance a gado kawai, duk wanda ya warke an sallame shi ba ya cikin lissafi. Ko da likitocin sun fi kowa iya aiki, kullum aka leƙa marasa lafiya za a gani. Makarantar da ta fi saurin koyar da yara ita ce ke saurin rasa waɗanda za su ɗaga mata maki. A 2006 ma'aikatar ilimi ta ɗan toshe ɓarakar, ta yarda a ci gaba da ƙirga waɗanda suka fita har shekara biyu, kuma a ɗage wa sabon zuwa jarrabawar karatu a shekararsa ta farko.

Akwai kuma batun lokaci. Tun 1979 masanin nan Jim Cummins ya bambanta Turancin hira da Turancin boko. Yaro kan iya zuba Turanci a filin wasa cikin shekara ɗaya ko biyu, har iyayensa su ɗauka an gama, amma a ba shi shafin kimiyya ya bayyana dalilin da ruwa ke zama tururi, sai ka ga ya tsaya. Binciken da Kenji Hakuta na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fitar a 2000 ya nuna magana kan ɗauki shekara 3 zuwa 5, harshen karatu kuma shekara 4 zuwa 7. Idan aka ba irin wannan yaro tambayar lissafi mai dogon bayani ya faɗi, ba a san ko lissafin ne bai iya ba ko jimlar ce ta sha masa kai.

Dokar NCLB ta haifar da sababbin jarrabawoyi. Wasu jihohi suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar WIDA, mai mazauni a Jami'ar Wisconsin da ke Madison, wadda ta fara ba da jarrabawarta mai suna ACCESS a 2005. Yau galibin jihohin ƙasar da ita suke aiki, tana da matakai daga 1 zuwa 6. Manyan jihohi irin su Kalifoniya da Tekzas kowacce ta riƙe tata. Da jarrabawa ɗaya ma, makin fita ba ɗaya ba ne: wata jiha na sallamar yaro a kan 4 da ɗoriya, wata sai ya kai 5. Yaro na iya zama "ƙwararre" a wannan jiha, iyayensa su ƙaura, a mayar da shi "mai koyo" a waccan. A 2016 WIDA ta ɗaga mizaninta don ya dace da sababbin manhajoji masu tsauri, shekarar da ta biyo baya maki ya faɗi a jihohi da dama, yaran da ke bakin ƙofar fita suka koma ciki.

Yadda ake gwajin magana ma abin dubawa ne. Yanzu a yawancin wurare da kwamfuta ake yi. Yaro zai sa abin ji a kunne, wata murya ta yi masa tambaya a kan hoto, shi kuma ya danna ya yi magana cikin makirfo, sau da yawa ga 'yan ajinsu a gefe suna nasu. Yaron da aka rena da kunya, wanda aka koya wa taƙaita magana a gaban manya, zai iya ba da amsa daidai cikin kalma huɗu ya yi shiru, alhali masu ba da maki dogon bayani suke nema. Wannan ba rashin Turanci ba ne, amma a takarda haka zai fito.

Shi ya sa makin fita ya zama gaba kura baya siyaki. A sallami yaro da wuri, a janye masa tallafi yana tsaka da buƙata. A riƙe shi ya daɗe, sai darussan gyaran Turanci su cinye masa lokacin da zai ɗauki manyan darussan da jami'a ke nema. A 2010 mai bincike Laurie Olsen ta duba gundumomi 40 a Kalifoniya, ta gano kashi 59 cikin ɗari na masu koyon Turanci a sakandare sun haura shekara shida a makarantun Amurka ba su fita daga rukunin ba. Da yawansu a Amurka aka haife su. Wannan adadi ya fi kowane tayar mini da hankali, domin yara ne da aka gwada kowace shekara, aka rubuta makinsu, aka adana, ba wanda ya tsaya ya ce me ya sa wannan bai motsa ba tun aji uku.

Ranar 10 ga Disamba, 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin ta Bush, wadda ake kira ESSA. Ta ɗauke batun ci gaban Turanci daga wani ɓangare na gefe, ta sa shi cikin ainihin ma'aunin da ake auna kowace makaranta da shi, kusa da karatu da lissafi da yawan masu kammala sakandare. Ta wajabta wa kowace jiha ta kasance da ƙa'ida ɗaya ta shiga da fita a duk gundumominta. Ta tsawaita ƙirga waɗanda suka fita zuwa shekara huɗu. Game da sabon zuwa kuma ta ba jihohi zaɓi: ko a ɗage masa jarrabawar karatu shekara ɗaya, ko a yi masa amma kada a ɗora wa makaranta sakamakon a shekarar farko, a shekara ta biyu a duba ci gabansa, sai a ta uku a fara duba ko ya kai mizani. An kuma sa jihohi su riƙa ba da rahoton yawan waɗanda suka shekara biyar ba su ƙware ba.

Gyara ne na gaske, musamman komawa ga auna tafiyar yaro daga inda ya faro. Amma dokar ta bar wa jihohi wuƙa da nama a kan abubuwa biyu masu nauyi. Su ke yanke yawan makin da wannan ma'auni zai ci a jimlar sakamakon makaranta, kuma su ke yanke mafi ƙarancin yaran da za a samu kafin a ƙirga rukunin, wasu 10, wasu 20, wasu har 30. Makarantar ƙaramin gari mai yara 18 masu koyon Turanci, a jihar da ta yanka 20, ba za a tambaye ta komai a kansu ba a wannan ma'auni. 'Ya'yan ƙananan al'ummomi da ke warwatse, irin namu, su ne suka fi faɗawa wannan rami.

A 2025 iska ta sake juyawa. A watan Maris Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, aka kuma sallami yawancin ma'aikatan ofishin da ke kula da masu koyon Turanci a ma'aikatar ilimi ta tarayya. Daga baya gwamnati ta janye takardar jagora ta 2015 wadda ta zayyana wa makarantu haƙƙoƙin waɗannan yara dalla-dalla. Hukuncin Lau da dokar 1974 da ESSA duk suna nan ba a soke su ba, sai dai masu bin diddigi daga Washington sun ragu, nauyin ya ƙara komawa kan jihohi da iyaye.

Uban nan na Bronx zai ci gaba da samun wasiƙa kowace shekara, mai ɗauke da matakin da ɗansa ya kai da irin shirin da aka sa shi. Yana da ikon ya nemi a yi masa bayaninta da harshen da yake ji, ya ajiye ta bara kusa da ta bana ya tambayi malama dalilin da makin rubutu bai ɗaga ba. Yana da ikon ya ce ba ya son a sa yaron a darasin musamman. Jarrabawar ce kawai ba ya da ikon hanawa, za a ci gaba da yi wa yaron ita duk shekara har ya kai makin da jiharsa ta yanka.