Katin R4 da doka: shin "ai gem ɗin kaina nake sakawa" hujja ce a kotu?

Duk wanda ya taɓa riƙe Nintendo DS, 'yar na'urar buga gem da ake riƙewa a hannu, zai iya tuna wani ɗan kati da ake cewa R4, girmansa ɗaya da katin gem na asali, sai dai shi a gefensa na sama akwai 'yar kafa da ake zura memori irin na waya. Zaka kwafi wasu fayil daga kwamfuta ka zuba a memorin, ka ƙara da gem goma ko hamsin ko iya abinda memorin zai ɗauka, ka soka katin a DS ka kunna, sai kaga jerin sunaye sun fito ka zaɓi wanda ranka yake so. Irin wannan shi ake kira katin filash, shi R4 wajen 2007 ya fito daga China kuma kafin kace kwabo jabunsa sun cika kasuwa.

Toh ba kowa ne ɓarawon gem ba. Akwai masu rubuta manhaja da gem nasu na kansu a ɗaki, abinda ake kira hombiru, mu ce haɗin gida, misali Moonshell da ke maida DS abin jin sauti da kallon bidiyo. Su waɗannan basu da wata hanyar gwada aikinsu a kan na'urar sai da irin wannan kati, shi yasa kullum maganarsu ɗaya ce, wuƙa ma ai ana yanka albasa da ita ana kuma aikata ɓarna da ita, me zai sa a kama maƙeri?

Matsalar ita ce dokar da ake kama mutane da ita ba dokar kwafin gem bace kai tsaye, doka ce ta ɓalle kwaɗo. A 1996 hukumar WIPO ta majalisar ɗinkin duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha ta fitar da yarjejeniya wadda tace ƙasashe su kare makullin fasaha da masu haƙƙin mallaka ke sawa a kayansu. Amurka tayi tata dokar DMCA a 1998, Tarayyar Turai tabi baya a 2001. Ita DS idan ka soka mata kati sai ta bincika ko na asali ne, har da duba bayanan tambarin Nintendo a ciki, shi kuma R4 aikinsa kenan ya yaudare ta ta ɗauka ɗan gida ne. Wannan yaudarar ita ce laifin, kuma doka tafi danna wanda ya ƙera, ko ya shigo da shi, ko ya tallata, ko ya sayar. Kaga kenan a idon alƙali R4 yafi kama da mabuɗin da aka yanka musamman don ƙofar wani, ba wuƙar kicin ba.

Ingila ce ta fito da maganar ƙarara. A watan Yulin 2010 babbar kotu a Landan ta yanke hukunci tsakanin Nintendo da wani kamfani mai suna Playables da aka kama masa irin waɗannan katuna kusan 165,000. Kamfanin ya kawo hujjar haɗin gida, mai shari'a Floyd yace don ana iya amfani da abu ta hanyar halal wannan bai wanke shi ba, tunda kafin gem ɗin haɗin gidan ma ya tashi sai an fara tsallake kwaɗon. Shikenan shigo da shi da talla da sayarwa duk suka zama haramtattu a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka tasu ta 1988. A shekarar dai Ostireliya ma ta sa wani kamfanin sayar da kayan lantarki biyan diyyar dalar ƙasar 520,000.

Japan kuwa, inda suke kiran abin majikon, ta wata ƙofa suka shigo. Nintendo da kamfanonin gem 54 suka kai ƙara a 2008 da dokar hana gasar kasuwa ta rashin gaskiya, kotun Tokyo ta hana sayarwa a Fabrairun 2009, amma da yake lokacin babu ɗauri a ciki 'yan kasuwa suka cigaba da harkarsu, sai a ƙarshen 2011 aka gyara dokar ya zama laifin da ake ɗaure mutum.

Wajen da ni yafi bani sha'awa shine Faransa, saboda a can an taɓa samun alƙalan da suka saurari ɗaya ɓangaren. A Disambar 2009 wata kotu a Paris ta wanke kamfanin Divineo mai sayar da irin waɗannan katuna, tana ganin bai kamata Nintendo ta rufe na'urarta ruf ta hana wasu rubuta mata manhaja ba. Masu haɗin gida sukayi ta murna amma murnar ta koma ciki, don a Satumbar 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, aka ɗora wa masu sayarwa diyyar sama da yuro miliyan 4.8. Daga baya a Janairun 2014 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Nintendo da wani kamfanin Italiya PC Box, tace shima kwaɗon ba'a bashi kariya ido rufe ba, dole ya zama daidai misali, kuma alƙali ya duba a zahiri me mutane suke yi da na'urar, nawa ne ke haɗin gida nawa ne ke satar gem. A takarda wannan adalci ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, in aka ƙirga masu R4 ɗari, nawa ne a ciki suka taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja? Da shari'ar ta koma Milan Nintendo ce tayi nasara.

A Amurka duk shekara uku ɗakin karatu na majalisar dokoki yana fitar da jerin abubuwan da aka yafe daga DMCA, a 2010 suka yarda mutum ya buɗe wayarsa ya saka manhajar da yaga dama, da aka nemi irin wannan wa na'urar gem a 2012 sai suka ƙi, dalilinsu shine buɗe ta da satar gem tare suke tafiya. Kuma basa wasa, Gary Bowser na ƙungiyar Team Xecuter, masu sayar da kayan ɓalle kwaɗon na'urorin gem, an yanke masa ɗaurin wata 40 a 2022, ga dala miliyan 4.5 a shari'ar laifi ga wata miliyan 10 da ya amince zai biya Nintendo. Abin dariyar ma sunansa ɗaya da mugun dodon nan na gem ɗin Mario.

Toh kai mai kati guda ɗaya a aljihu fa? Duk shari'o'in nan da na lissafo kan masu ƙerawa da masu sayarwa suka faɗa, ba kan yaron da ke buga gem a ɗakinsa ba. Gem ɗin da kai ka rubuta naka ne, wanda mai shi ya sake kyauta shima baka taka haƙƙin kowa ba, amma dawunlodin gem na kasuwa daga intanet satar fasaha ce ko da an daina sayar da shi shekara ashirin, tsufa baya kashe haƙƙin mallaka da wuri haka. Katuna irinsu EverDrive da EZ-Flash na tsohuwar Game Boy har yau ana sayar dasu a fili, babu gem ko ɗaya a cikinsu, abinda ka zuba kai ya shafa. A Najeriya ma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta shigo da haramcin ɓalle makullin fasaha, don haka ɗan kasuwar da zai yi odar kwali guda ya san da wannan.

Yanzu ma kamfanin Nintendo baya jiran kotu a kan ɗaiɗaikun mutane. Da na'urarsu Switch 2 ta fito a Yunin 2025 wasu suka soka mata katin MIG, wani katin filash irin na Switch, sai kawai suka tarar an toshe na'urar daga shiga onlayin, har da masu rantsuwa cewa gem ɗin da suka saya da kuɗinsu suka kwafa. Kuma toshewar a jikin na'urar take ba a akawun ba, so in zaka sayi ta hannu ka sa mai ita ya haɗa ta da intanet a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.