Kashin dabbobi da ruwan sha: me ya sa gwamnatoci ke ba masu kiwo tallafi?

Ƙasashe da dama suna ware kuɗin jama'a don taimaka wa masu kiwo su adana kashin dabbobinsu yadda ba zai kwarara cikin ruwa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan tallafi.

Taki ai albarka ne ga gona. Yaushe ya zama abin tsoro?

Sai ya yi yawa a wuri guda, ko an zuba shi lokacin da shuka ba ta bukatarsa. Saniyar tatsa mai yawan madara tana fitar da kashi da fitsari sama da kilo 50 a rana. Gona mai shanu 200 ke nan tana tara tan 10 kullum safiya, kuma shanun ba sa dakatawa don ana ruwan sama. Idan ramin tarawa ya cika, mai gona ba shi da zaɓi. Dole ya kwashe ya watsa a fili, ko da ƙasa ta jiƙe sharkaf, ko ta daskare da sanyi, ko babu shukar da za ta sha. Ruwan sama na gaba sai ya wanke shi zuwa kwata, daga kwata zuwa rafi. Wanda bai bi ta sama ba kuma ya tsiyaya ƙasa ya tarar da ruwan da rijiyoyi ke ja.

Me yake yi wa ruwan idan ya shiga?

Abin da ke sa hatsi ya yi kyau, wato sinadaran naitirojin da fosfaras, shi ne ke ciyar da gansakuka a tafki da kogi. Ruwan sai ya koma kore fatau. Idan gansakukar ta mutu ta ruɓe, ƙwayoyin da ke cin ta su shanye iskar oksijin, kifaye su taso sama a mace. A Tekun Meziko, inda kogin Misisifi ke juye abin da ya kwaso daga gonakin Amurka, yankin da iskar oksijin ke ƙaranci a cikin ruwa ya wuce murabba'in kilomita 22,000 a 2017. Takin zamani da na dabbobi duk suna da hannu a ciki.

Sai naitiret a ruwan sha, wato sinadarin da naitirojin na taki ke komawa a cikin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a kowace lita, saboda jarirai. Idan ya yi yawa yakan hana jinin jariri ɗaukar iska, har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasa ruwan ba ya cire shi, ƙara masa kauri ma yake yi.

Na uku, ƙwayoyin cuta. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na ƙasar Kanada, ruwan sama mai ƙarfi ya kai ƙwayar E. coli daga takin shanu zuwa ɗaya daga rijiyoyin garin. Mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta. Binciken da aka yi ya gano cewa manomin ya bi ƙa'idar zuba taki, sakacin ya fito ne daga masu kula da ruwan da ba su sa sinadarin tsaftacewa yadda ya kamata ba. Na kawo wannan ne don a ga cewa ko mai bin ƙa'ida takinsa yana iya kaiwa rijiya, balle wanda raminsa ke ambaliya.

To, kuɗin tallafin me ake saya da su?

Mafi yawa wurin ajiya: tankin siminti ko na ƙarfe, ko babban rami da aka shimfiɗe da roba mai kauri don kada ya yoyo. Abin da ake saya a gaskiya lokaci ne. Mai ajiyar wata shida yana iya jira har shuka ta taso tana neman abinci, sannan ya zuba. Takin ya tafi cikin amfanin gona, shi kuma ya rage sayen na buhu.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a cika kula da su ba, alhali aikinsu babba ne. Indararo a rufin turke yana raba ruwan sama mai tsabta da ƙazantar daɓe, don duk litar da ta faɗa kan kashi ta zama abin ajiyewa. Murfi a kan tanki yana hana ruwan sama cika shi, yana kuma rage tashin iskar amoniya. Shinge a bakin rafi da kwamin sha a nesa suna hana shanu shiga ruwa su yi kashi a ciki. Zirin ciyawa tsakanin gona da gaɓa yana tare laka kafin ta gangara. Wasu shirye-shiryen suna biyan injin da ke raba ruwan taki da tsakinsa, ko wanda ke cusa shi cikin ƙasa maimakon fesa shi sama.

Su wa ke bayarwa, kuma nawa?

A Amurka akwai EQIP, shirin ma'aikatar noma na tallafa wa manoma su kare muhalli, wanda dokar noma ta 1996 ta kafa. Yakan biya har kashi 75 cikin 100 na kuɗin aiki, ya kai 90 ga sababbin manoma da masu ƙaramin ƙarfi. Dokar 2018 ta ce aƙalla rabin kuɗinsa ya tafi ga harkar kiwo. A Ingila an buɗe tallafin gina ma'ajiyar ruwan taki a 2022, daga fam 25,000 zuwa 250,000, don gona ta kai ajiyar wata shida, kuma da sharaɗin rufe ma'ajiyar. A Tarayyar Turai doka ce ta riga kuɗi zuwa. Dokar naitiret ta 1991 ta hana zuba takin dabbobi da ya wuce kilo 170 na naitirojin a hekta a shekara a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari, ta kuma sa a ware watannin da ba a zuba taki. Ƙasashen sai suka riƙa tallafa wa manoma su cika sharuɗɗan.

Wanda ya ɓata ai shi ya kamata ya biya. Me ya sa za a ba shi kuɗin haraji?

Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma masu yin ta suna da gaskiya ta wani gefen. Masana'antar da ta zuba guba a kogi tara ake cin ta. Amma gurɓatar da ke fitowa daga gonaki ba ta bututu ɗaya take fita ba. Daga fili dubu take tsatsowa, kaɗan-kaɗan, kuma da wuya a nuna wa alƙali wace gona ce ta jawo. Ga shi tanki ba ya ƙara madara ko nama, don haka banki ba ya ɗokin ba da bashinsa. Jama'a kuwa ko ta yaya suna biya, ta kuɗin tace ruwa, ta asibiti, ta kifin da masunta suka rasa. A ganina gara a biya tun daga turke.

Inda nake tare da masu suka shi ne batun manyan kamfanonin kiwo. Da farko EQIP ba ya biya wa manyan gonakin da ke tsare dubban dabbobi kuɗin ma'ajiyar kashi, sai dokar 2002 ta buɗe musu ƙofa. Kamfanin da ya tara dabbobi fiye da abin da filinsa zai iya shanye takinsu, shi ya kamata ya ɗauki nauyin abin da ya tara. Tallafin da ya sauƙaƙa masa ƙara garke ya juya wa manufarsa baya.

Idan kowa ya gina tanki, magana ta ƙare?

A'a. Tanki yana gyara lokacin zubawa, ba ya rage yawan takin. Holan ce shaida. Ma'ajiyarta na zamani ne, amma shanu da aladu da kajinta sun fi ƙarfin filinta. Shekara da shekaru Tarayyar Turai ta ba ta rangwamen wuce kilo 170, sannan aka fara janye shi daga 2023. Har ta kai gwamnati tana biyan wasu masu kiwo su rufe gonakinsu. Ramukan ajiya ma suna fashewa: a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka guguwar Florence ta 2018 ta sa ramukan kashin aladu da dama suka yi ambaliya.

Mai neman tallafin, me ya kamata ya sani?

Galibi sai ka kashe kuɗinka, jami'i ya zo ya duba aikin, sannan a mayar maka da kason gwamnati. Wannan ne ke kayar da ƙaramin mai kiwo, shi ya sa EQIP ke ba wa masu ƙaramin ƙarfi wani kaso tun kafin a fara. Kada a soma gini kafin takardar amincewa ta fito, don aikin da aka riga aka yi ba kasafai ake biyansa ba. Za a nemi lissafin yawan dabbobi, girman fili da gwajin ƙasa, kuma za a ɗora maka kula da ginin na wasu shekaru.

Abu ɗaya kuma da ya shafi rai: ruwan taki da ya daɗe a rufe yana tara iska mai guba, wadda ke tasowa da yawa lokacin da ake motsa shi. Tana iya sumar da mutum cikin 'yan daƙiƙu, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. A fitar da dabbobi, a buɗe ƙofofi, a nisanta yara kafin a kunna injin motsawa, kuma kada kowa ya sauka cikin rami ba tare da na'urar numfashi ba.