Shirin taimaka wa mata su samu adalci: ta yaya ake gane yana aiki ko a takarda kawai yake?

Duk shirin raya ƙasa da aka zuba wa kuɗi akwai lokacin da ake tsayawa a duba ina aka kwana, shi ne ake ce wa bita. Na ɓangaren mata da shari'a yana da nasa wahalar daban, don abin da ake son aunawa ba rijiya ba ce da za a je a ƙirga. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kai.

Da farko ma, wane irin shiri ne wannan?

Shiri ne da gwamnati ko wata ƙungiya ke ɗauka, yawanci da kuɗin masu ba da tallafi kuma na shekara uku zuwa biyar, don macen da aka zalunta ta samu inda za ta kai kuka a saurare ta, a kuma bi mata haƙƙinta har ya zo hannunta. A ciki za ka ga lauyoyin kyauta, horar da 'yan sanda da alƙalai, kotun tafi-da-gidanka, cibiyoyin da ake haɗa likita da ɗan sanda da mai ba da shawara a wuri ɗaya, wani lokaci har da neman a gyara doka. Kuma ba maganar duka da fyaɗe kaɗai ba ce, akwai gado, fili, saki, kuɗin ciyar da yara, albashin da aka hana, takardar haihuwa.

Tushensa yarjejeniyar CEDAW ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1979, wato yarjejeniyar kawar da duk wata wariya da ake nuna wa mata. A 2015 kwamitin da ke kula da ita ya fitar da shawara ta 33 a kan wannan batu musamman, inda ya ce abu shida ne sai sun haɗu: mace ta iya shigar da ƙara, kotun ta wanzu, ta iya isa gare ta, aikin ya zama mai inganci, a samu magani na gaske kamar diyya ko kariya, sannan a iya tuhumar su kansu masu shari'ar idan sun yi sakaci. A wannan shekarar ce kuma aka sa samun adalci ga kowa cikin muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin muradi na 16.

To me zai hana a bari sai an gama sannan a duba?

Saboda in an gama an gama, kuɗi sun ƙare, ma'aikata sun watse sun kama wani aikin. Bitar tsakiya ita ce mai amfani a wajena, don a lokacin ne za a iya cewa wannan ɓangaren ba ya tafiya a kwashe kuɗinsa a mayar wancan. Ta ƙarshe darasi ce ga shirin da zai zo nan gaba, in an karanta ta kenan.

Su masu bitar me suke dubawa?

Akwai ma'aunai da kusan kowa ke bi, na kwamitin tallafin raya ƙasashe na OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba. Guda biyar ne tun 1991, aka ƙara ɗaya a 2019 suka zama shida: shirin ya dace da matsalar matan kuwa, yana jituwa da sauran ayyukan da ake yi a wurin ko karo suke, ya cimma abin da ya ce zai yi, kuɗi da lokaci sun tafi yadda ya kamata, wane canji ya kawo a rayuwar mutane, sannan zai ɗore bayan masu kuɗi sun tafi. Kanun rahoto kenan dai. Ainihin aikin yana wajen da ake neman shaida.

Rahoto ya ce an horar da 'yan sanda da alƙalai masu yawa, an yi taruka, an buga fosta. Wannan ba ci gaba ba ne?

Aiki ne da aka yi, ba wanda ya musa, amma ba shi ne sakamako ba, kuma nan ne yawancin rahotanni ke ɓoye raunin su. Yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halartar taro abu ne mai sauƙin ƙirgawa, ga hoto ga rasit, shi ya sa ake son sa. Abin da mai bita na kirki yake yi shi ne ya bar ɗakin taro ya je ofishin 'yan sanda ya ce a buɗe masa rajista, ya ɗauki wasu kes na wata shida ko shekara da ta wuce ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan da ta zo ranar kaza an rubuta ƙorafinta ko an ce ta koma gida a sasanta, an ba ta fom ɗin likita kuwa, waye ya biya kuɗin gwajin, fayil ɗin ya isa hannun mai gabatar da ƙara ko yana nan cikin durowa, sau nawa aka ɗage zama, kuma duk ɗagewa fa kuɗin mota ne da yini guda na neman abinci da ta rasa, da wanda za ta bar wa yara, to a zama na nawa ta gaji ta daina zuwa aka kori ƙarar wai mai ƙara ba ta bayyana ba.

Kamar bututun ruwa ne mai huji a kowace gaɓa, abin da ya shiga da yawa, abin da ke fita a ƙarshe ɗigo ne. An taɓa yin irin wannan bin diddigi a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu a kan kes ɗin fyaɗe sama da 2,000 da aka kai wa 'yan sanda a 2003: kusan rabi ne aka kama wanda ake zargi, kimanin kashi 17 cikin 100 suka kai ga shari'a, kashi 6 kacal kotu ta samu wanda ake zargi da laifi. Irin wannan lissafin shi ke nuna wa shiri inda ya kamata ya sa ƙarfinsa. In a matakin bincike fayil ke mutuwa, ka ga horar da alƙalai ko sau nawa ne ba zai canza komai ba tunda kes ɗin ba ya ma isa gabansu.

Akwai kuma gaɓa ta ƙarshe da ake yawan mantawa, wato zartar da hukunci. Kotu ta ce uba ya riƙa ba da kuɗin ciyarwa duk wata, a rahoto an rubuta "an yi nasara", alhali bayan wata biyu ya daina biya kuma ba wanda ya bi sawu. Matar tana riƙe da takarda mai hatimi, hannunta babu komai. Bitar da ba ta tambayi "kuɗin sun shigo kuwa?" ba, rabin aiki kawai ta yi.

Idan aka ga ƙararraki sun ƙaru bayan an fara shirin, abin ya ƙara lalacewa kenan?

Sau da yawa akasin haka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku, wajen miliyan 736, ta taɓa fuskantar cin zarafi na duka ko na lalata. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya kuma sun nuna a yawancin ƙasashen da ke da bayanai, ƙasa da kashi 40 na matan da abin ya shafa ne ke neman taimako ko wane iri, a cikin masu neman ma ƙasa da kashi 10 ke zuwa wajen 'yan sanda. Ma'ana rajistar 'yan sanda ɗan ƙaramin yanki take nunawa. To in aka buɗe wurin da mace za ta shiga ba a yi mata dariya ba, irin ofisoshin 'yan sanda na mata da Brazil ta fara a birnin Sao Paulo a 1985, dole lamba ta hau, don waɗanda suka yi shiru a da ne suka fara magana. Ni lambar da ta faɗi kwatsam ce ma take ba ni tsoro, don tana iya nufin an daina rubutawa ne, ko an koma matsa wa mata su janye. Shi ya sa ba a karanta lamba ita kaɗai, sai an haɗa da tambayar mutane a gidajensu, kuma sai in an ɗauki bayanan farko kafin shirin ya fara, in ba haka ba da me za a kwatanta?

An samu an kafa sabuwar doka, ai shi kenan an ci nasara ko?

Mataki ne babba, amma rahoton Bankin Duniya na 2024 a kan mata da kasuwanci da doka ya ce mata na da kusan kashi 64 ne na kariyar doka da maza ke da ita, kuma ko dokokin da ke akwai, ƙasashe sun kafa ƙasa da kashi 40 na tsare-tsaren da ake buƙata don aiwatar da su. Don haka mai bita zai tambaya: an ware wa dokar kuɗi a kasafi, an buga fom ɗin neman umarnin kariya, magatakardan kotu ya san da ita?

Matan da ba sa zuwa kotu kwata-kwata fa?

Su ne mafi yawa ai. A ƙasashe da dama yawancin rigingimun iyali da na fili a wajen dattawa, shugabannin gargajiya da malaman addini ake kashe su, saboda kusa ne, ba tsada, kuma da harshen da mutum ke ji. Shirin da ya yi kamar ba su nan yana yaudarar kansa. Abin dubawa shi ne ana barin matar ta yi magana da bakinta, ana rubuta abin da aka yanke, tana da damar wucewa gaba in ba ta gamsu ba, kuma manyan laifuka irin fyaɗe ba a binne su da sunan sulhu.

A nan mataimakan lauya na cikin al'umma suke da rana. Ba lauyoyi ba ne, mutane ne da aka koya wa doka daidai gwargwado, su raka mace ofis, su rubuta mata wasiƙa, su san lokacin da za a kira lauya. A Saliyo ƙungiyar Timap for Justice ta fara wannan a 2003, dokar taimakon shari'a ta ƙasar ta 2012 kuma ta amince da su a hukumance. A Indonesiya ƙungiyar PEKKA ta mata masu riƙe da gida ta yi aiki da kotunan addini aka riƙa kai zaman kotu ƙauyuka ana yafe wa marasa hali kuɗin shigar da ƙara, don da yawa matsalarsu ita ce aurensu ba shi da takarda, sai ya shafi saki da takardar haihuwar yara. Irin wannan in mai bita kotun birni kawai ya leƙa ba zai gan shi ba.

Ana tambayar su matan da kansu? Ba haɗari a ciki?

Dole a tambaye su, kuma akwai haɗari sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji tun 2001 kan yadda ake bincike a kan cin zarafi a cikin gida: a keɓe ake hira ba a gaban miji ko dangi ba, sai da yardarta, ba a rubuta abin da zai sa a gane ta, mai tambayar ta samu horo, kuma a tanadi inda za a tura ta in tana buƙatar taimako. Ba a sa mace ta sake maimaita abin da ya same ta don kawai rahoto ya yi armashi.

Wani abu kuma, matan da ake kawo wa mai bita yawanci waɗanda kes ɗinsu ya yi kyau ne, ma'aikatan shirin ne suka zaɓo su. Wadda ta janye, da wadda ke nesa da titi, da kurma da ba a samu mai yi mata tafinta ba, da wadda ke tsare a gidan yari tana jiran shari'a, su ne suka san inda shirin ya gaza, kuma sai an yi da gaske ake samun su.

Wa ke yin bitar, kuma za a iya yarda da shi tunda masu shirin ne ke biyan sa?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba ta da amsa mai daɗi. Yawanci ƙwararre ake ɗaukowa daga waje, amma wanda ke neman a sake kiran sa gobe ba ya cika son ɓata wa kowa rai. Abin da ke rage wannan shi ne a ba shi damar zaɓar inda zai je da fayilolin da zai buɗe da kansa, a sa ƙungiyoyin mata na wurin cikin masu sa ido, kuma a wallafa rahoton kowa ya gani. In ka karanta rahoto daga farko har ƙarshe ba ka ga inda aka ce wani abu bai yi aiki ba, ka yi shakka.

Bayan an fitar da rahoton sai me?

Masu shirin su ba da amsa a rubuce a kan kowace shawara, mun karɓa ko ba mu karɓa ba da dalili, wa zai yi, zuwa yaushe. Sannan a zauna maganar ɗorewa tun da sauran lokaci, wato wa zai biya albashin mataimakan lauya, man motar kotun tafi-da-gidanka da kuɗin gwajin likita ranar da tallafi ya tsaya. In har zuwa tsakiyar shirin babu ko layi ɗaya na waɗannan a kasafin gwamnati, to sauran lokacin da ya rage a wajen ma'aikatar kuɗi da ta shari'a ya kamata a fi kashe shi, don kes ɗin da aka buɗe a bana wasu sai shirin ya rufe ba a yanke musu hukunci ba, kuma matan da suka shigar da su za su ci gaba da buƙatar mai raka su kotu.