Wai shin CEO shi ne mai kamfani?

Kalmar CEO yanzu ta shiga bakin kowa, ka buɗe shafin matashi a Facebook ko Instagram sai ka ga ya rubuta CEO a ƙasan sunansa, mai saida turare, mai ɗinki, mai saida data, kuma wallahi ni abin daɗi yake min don alama ce yaranmu sun fara alfahari da sana'a ba zaman jiran aikin gwamnati ba. Sai dai da yawanmu mun ɗauka CEO na nufin mai kamfani, wanda dukiyar tasa ce, kuma ba haka abin yake ba. CEO ma'aikaci ne. Shi ne ma'aikaci mafi girman muƙami a kamfani, babban jami'in zartarwa, wanda duk manajoji ke ƙarƙashinsa, shi ke tafiyar da harkokin yau da gobe, shi ke yanke shawarar me za a sarrafa, ina za a buɗe reshe, wa za a ɗauka wa za a sallama. A Najeriya an fi sabawa da cewa MD wato manajan darakta, a Nijar kuma za ka ji ana cewa DG. Amma duk girman kujerar nan ɗaukarsa aka yi aiki, albashi ake biyansa, kuma akwai waɗanda za su iya ce masa tattara kayanka.

Su waye waɗannan? A babban kamfani hawa uku ne. Akwai masu hannun jari, su ne ainihin masu dukiya, kowa da gwargwadon abin da ya zuba. Su kuma ba za su iya taruwa kullum ba, wani kamfanin masu hannun jarinsa dubbai ne, sai su zaɓi kwamitin daraktoci a babban taronsu na shekara, abin da ake ce wa bod, shugaban wannan kwamiti shi ne ciyaman. Kwamitin ne ke naɗa CEO, ya yanka masa albashi, ya duba lissafinsa, in bai gamsu ba ya sauke shi. Kamar motar haya ce, mai mota daban direba daban, sitiyari na hannun direba kuma fasinja shi suka sani, amma da yamma shi zai kai balas. Wani lokacin mai motar ne da kansa ke tuƙawa, to a nan ne mutum ɗaya ke zama wanda ya kafa kamfani kuma CEO, shi ya sa abin ke rikita mutane.

Labarin Steve Jobs ne ya fi fito da wannan fili. Shi da abokinsa Steve Wozniak suka kafa Apple a 1976, yana ɗan shekara 21, suna haɗa kwamfuta a garejin gidan iyayensa a Kalifoniya. Da masu kuɗi suka shigo, irin su Mike Markkula, sai suka ga yaron yana da basira amma bai iya riƙe mutane ba, aka ɗauko wani Michael Scott a 1977 aka ba shi shugabanci. Ma'ana a duk shekarun farkon nan da Apple ke tashe Jobs bai taɓa zama CEO ba. A 1983 shi da kansa ya je ya lallaso John Sculley daga kamfanin Pepsi ya zo ya hau kujerar, ba a yi shekara biyu cikakku ba suka fara samun saɓani kan kwamfutar Macintosh da ba ta samu ciniki yadda aka zata ba, rigima ta kai gaban daraktoci a 1985, daraktoci suka goyi bayan Sculley suka ƙwace sashen Macintosh daga hannun Jobs, aka bar shi da ofis ba aikin yi. A watan Satumba na shekarar ya ajiye aiki ya fita daga kamfanin da ya kafa da hannunsa yana da shekara 30, ya saida hannun jarinsa gaba ɗaya ya bar ƙwaya ɗaya tal.

Duk wanda ya ji wannan karon farko sai ya ce zalunci ne, kuma nima ina jin zafin abin, amma ta fuskar doka ba a ci haƙƙinsa ba, tunda tun ranar da ya karɓi kuɗin mutane kamfanin ya daina zama nasu shi da abokinsa kaɗai. Ga yadda abin ke faruwa, a ce ka fara kana da kashi 100, kana neman jari sai ka ba wani kashi 30 ya kawo kuɗi, bayan shekara biyu kuɗi ya sake ƙarewa ka sake buɗe ƙofa wasu suka shigo, aka ware wa ma'aikata nasu kason, daga baya aka kai kamfanin kasuwar hannun jari kowa ya saya, kafin ka ankara dukiyarka ta ninka sau ɗari amma kasonka ya dawo ƙasa da rabi nesa ba kusa ba, kuma a zauren taro ba a tambayar wa ya sha wahalar farko, ƙuri'a ake ƙirgawa. Apple ya shiga kasuwar hannun jari a Disambar 1980, Jobs ya zama hamshaƙin attajiri, amma rinjaye ba ya hannunsa.

Sauran labarin sananne ne, ya kafa wani kamfanin kwamfuta mai suna NeXT, a 1986 ya sayi wani sashen kamfanin fina-finai da ya zama Pixar mai yin fina-finan katun, Apple kuwa ya yi ta tangal-tangal har a ƙarshen 1996 ya sayi NeXT kan dala miliyan 400 da ɗoriya, ta nan Jobs ya dawo, a 1997 aka ba shi riƙon ƙwarya, sai a 2000 aka tabbatar masa da kujerar. Albashinsa dala 1 ne a shekara, arzikinsa na cikin hannun jari. A Agustan 2011 rashin lafiya ta sa ya yi murabus ya miƙa wa Tim Cook, ya rasu a Oktoba.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki darasi. Larry Page da Sergey Brin na Google, sannan Mark Zuckerberg na Facebook, sun raba hannun jari gida biyu, wanda ake saida wa jama'a ƙuri'a ɗaya, wanda suka riƙe wa kansu kowane ɗaya ƙuri'a goma. Shi ya sa Zuckerberg kasonsa a Meta, uwar kamfanin Facebook, bai kai kashi 15 cikin 100 ba amma ƙuri'unsa sun haura rabi, ba wanda ya isa ya sauke shi in ba shi ya so ba. Ni dai wannan tsarin bai kwanta min ba, don mutumin da ke riƙe da kafar da biliyoyin mutane ke magana a ciki ya kamata a ce akwai wanda zai iya taka masa birki. A Najeriya dokar kamfanoni ba ta yarda da irin wannan ba, hannun jari ɗaya ƙuri'a ɗaya ne, saboda haka manyan attajiranmu da yawan kaso suke riƙe iko. Dangote Cement yana kasuwar hannun jari tun 2010 amma sama da kashi 80 na hannun Dangote Industries ne.

To ga abin da mutane da yawa ba su lura ba, ka tambayi mutum a Kano waye CEO na Dangote Cement zai ce maka Aliko mana, alhali ba shi ba ne. Alhaji Aliko shi ne shugaban uwar kamfanin, a na siminti kuma ciyaman ya riƙe, kujerar gudanarwa ɗaukar ƙwararru ake yi, an yi Joseph Makoju, aka yi Michel Puchercos ɗan Faransa, a 2023 aka naɗa Arvind Pathak ɗan Indiya, a 2025 ma Alhaji Aliko ya sauka daga ciyaman ɗin aka ba Emmanuel Ikazoboh, kuma hakan bai rage masa ko kwabo a mallakarsa ba. Haka BUA Cement, Alhaji Abdussamad Rabi'u ne ciyaman kuma mai rinjayen hannun jari, amma da aka haɗe kamfanin simintin Sakkwato da na Obu aka samar da BUA Cement, Injiniya Yusuf Binji aka ba manajan darakta.

Wannan rabuwar tsakanin mai dukiya da mai juya dukiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malamai sun daɗe suna karantar da babin mudaraba, wani ya kawo jari wani ya kawo ƙwarewa a raba riba, kuma duk mun san Nana Khadija ta ba Manzon Allah (SAW) dukiyarta ya tafi fatauci Sham. Bambancin kawai shi CEO albashi ne da alawus, sau da yawa a ƙara masa da hannun jari don ya ji ciwon kamfanin. Abin da ke damuna shi ne duk da muna da wannan tushen, kasuwancinmu da yawa a kan mutum ɗaya yake tsaye, Alhaji shi ne mai jari shi ne manaja shi ne akanta, bashin da yake bi da wanda ake binsa duk a kansa suke, yaran shago ba wanda ya san sirrin, ranar da ta Allah ta kasance sai a zo rabon gado a raba shaguna da motoci da kaya, wannan ya saida nasa wancan ya cinye, kasuwancin shekara arba'in ya watse a shekara biyu, ma'aikata kowa ya kama gabansa. In da kamfani ne mai rajista da hannun jari, magada hannun jarin za su gada kowa da rabonsa yadda shari'a ta yanka, kamfanin kuma ya ci gaba da aiki a hannun wanda ya iya, ɗan gida ne ko bare. Dokar kamfanoni ta Najeriya, wato CAMA ta 2020, ma ta sauƙaƙa, mutum ɗaya zai iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba sai ya nemo na biyu ba, kuma a sani rajistar sunan kasuwanci daban take da ta kamfani, a ta farko kai da kasuwancin abu ɗaya ne a idon doka, bashinsa bashinka ne.

Sannan ba dole sai ka kafa komai za ka kai wannan kujera ba, wannan nake so ɗalibanmu su ji. Satya Nadella a Indiya aka haife shi, ya shiga Microsoft a 1992 yana ma'aikaci, sai bayan shekara 22 a 2014 ya zama CEO. Sundar Pichai ya shiga Google a 2004, ya hau kujerar a 2015. Tim Cook ya zo Apple a 1998, aikinsa sayen kayan haɗi da tsara masana'antu da sito, aikin da ba a yi wa tafi. Ko Elon Musk da ake alaƙanta Tesla da shi, Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne suka yi wa kamfanin rajista a 2003, shi ya shigo da kuɗinsa a 2004 ya zama ciyaman, sai a 2008 ya zama CEO.

Inda aka fi ganin cewa kujerar amana ce shi ne banki, don kuɗin da ke ciki na masu ajiya ne, na ɗan fansho da mai shago da ma'aikaci. A watan Agustan 2009, wata biyu kacal da zaman Malam Sanusi Lamido Sanusi gwamnan Babban Bankin Najeriya, wanda shi kansa daga kujerar MD ta First Bank ya taho, aka sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, saboda basussukan da ba a biya ba sun kusa durƙusar da su, Babban Bankin ya zuba musu naira biliyan 420 don kar kuɗin jama'a ya salwanta. Cecilia Ibru ta Oceanic, bankin da danginta ke da babban hannu a ciki, a 2010 ta amsa laifi a kotu aka yanke mata wata shida a gidan yari tare da ƙwace kadarori masu yawa.

A farkon 2010 kuma aka fito da ƙa'idar cewa shugaban banki ba zai wuce shekara 10 a kujera ba, ta kuwa faɗa kan mutanen da ba a zarge su da komai ba. Jim Ovia shi ya kafa Zenith a 1990 ya shekara 20 yana jagorancinsa, dole ya sauka ya miƙa wa Godwin Emefiele. Tony Elumelu da ya jagoranci Standard Trust tun 1997 har ya haɗe shi da UBA a 2005, shi ma ya sauka ya miƙa wa Phillips Oduoza, ya je ya kafa Heirs Holdings da gidauniyarsa ta tallafa wa matasa 'yan kasuwa. A 2014 dukkansu biyu suka dawo bankunansu a matsayin ciyaman, wato suka zama shugabannin kwamitin da ke sa ido kan MD. Dokar Najeriya ta hana mutum ɗaya ya haɗa ciyaman da CEO a kamfanin da jama'a ke da hannun jari, don kar mai aiki ya zama shi ke duba aikin kansa, kuma wannan daidai ne. Amma in ciyaman shi ya kafa bankin, shi ke da babban kaso, MD ɗin kuma a hannunsa ya taso tun yana ƙaramin ma'aikaci, to a gaskiya da wuya MD ya iya kallon idonsa ya ce ranka ya daɗe wannan bashin ba za mu bayar ba, kuma a nan ne aikin sauran daraktoci masu zaman kansu da masu binciken Babban Banki ke da nauyi sosai.