Turaren Lambun Sin Mai Ƙamshin Ganye da Fure: Ga Amsoshinku

Tambayoyin nan dai su ne ake ta maimaitawa a kan Le Jardin de Monsieur Li na kamfanin Hermès da sauran turaruka irinsa. Ga amsoshin a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Na fesa da safe, kafin azahar ya ɓace. Jabu aka sayar mini?

Ba lallai ba ne, 'yar'uwa, kwantar da hankalinki. Haka aka haɗa shi. Eau de toilette ne, nau'in da man ƙamshinsa galibi bai wuce kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ba, kuma kayan haɗinsa masu saurin tashi ne. In ya yi miki awa 3 ko 4 a fata, ya yi aikinsa. Sau da yawa ma yana nan, hancinki ne ya saba da shi. Tambayi na kusa da ke kafin ki ƙara fesawa.

Wane ne Monsieur Li ɗin?

Babu shi, ƙirƙirarsa aka yi. Jean-Claude Ellena ne ya haɗa turaren, ya fito a 2015, shi ne na biyar a jerin turarukan lambu da Hermès ya fara a 2003.

Na maza ne ko na mata?

Na kowa ne. A daina wannan tambayar.

Ƙamshin me yake yi takamaimai?

Da farko za ka ji kumkwat, wani ɗan ƙaramin lemo da bai fi dabino girma ba, wanda ake ci har da ɓawonsa. Ƙamshin ɓawon nan shi ke fara bugun hanci. Bayan kamar minti 20 sai yasmin ya fito, irin wanda Sinawa ke ƙamsasa ganyen shayi da shi, mara nauyi, tare da ƙamshin ɗanyen ganyen da aka tsinka yanzu. Lambun gargajiya na ƙasar Sin, kamar na birnin Suzhou da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, ba filin furanni ba ne zalla. Tafki ne da duwatsu da gora da inuwa. Sanyin nan da ɗanshin nan ake so turaren ya tuna maka. Wanda ke neman zaƙi da kauri irin na ud ya nemi wani, kada ya ɓata kuɗinsa ya zo yana ƙorafi.

Fesa nawa, kuma a ina?

Uku zuwa biyar. Biyu a gefen wuya, ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, sauran a damtse. Nisanta kwalbar da fata kamar santimita 15. A bar shi ya bushe da kansa, ban da gogawa.

Yaya zan yi ya daɗe a lokacin zafi? Kuma zan iya haɗa shi da humra ko turaren wuta?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ta da amsa guda, domin fatar kowa daban ce, yanayi ma yana sauyawa.

Zafi yana hanzarta tashin ƙamshi. A bazara za ki ji shi da ƙarfi a farkon awa, sannan ya yi saurin ƙarewa. A hunturu kuma fata ce ke bushewa, busasshiyar fata kuwa ba ta riƙe turare. Abin da ya fi taimakawa a duka biyun shi ne mai: bayan wanka ki shafa man da ba shi da ƙamshi, ko ɗan basilin kaɗan a inda za ki fesa, ki jira kamar minti 5, sannan ki fesa. Wasu yana ƙara musu awa guda, wasu ba su ga wani bambanci ba. Kada ki sa man kaɗanya wanda ba a tace ba a wurin, warinsa yana danne yasmin.

Yadi ya fi fata riƙe ƙamshi, musamman auduga, don ba shi da ɗumin jiki. Fesa biyu a cikin mayafi ko a cikin wuyan riga na iya kai ki yamma. Sai dai a yadi ƙamshin ba ya sauyawa yadda yake yi a fata, yakan tsaya wuri guda. In sauyin nan ne ya ja ki ga turaren, to ki raba: rabi a fata, rabi a tufafi. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ki zuba mililita 5 ko 10 a ƙaramar kwalbar fesawa ki saka a jaka, ki sabunta bayan azahar. Fesa goma da safe ba ya sa ya kai dare. Mutanen da kuke mota ɗaya kawai za ki takura.

Batun haɗawa kuwa, a nan ake yawan ɓarna. Humra da turaren wuta an gina su ne a kan abubuwa masu nauyi, su sandal da almiski da ud, waɗanda ke kwana a jikin tufafi. Wannan kuwa an gina shi a kan sauƙi da iska. In kika turara kaya sosai sannan kika fesa shi a kai, minti kaɗan za ki ji lemon, daga nan hayaƙin ya haɗiye komai. Ban ce haramun ba ne a gwada. Farin almiski mara zaƙi, ɗigo ɗaya a wuyan hannu, yakan zauna lafiya a ƙarƙashinsa, har ya ɗan tsawaita shi. Sandal mara hayaƙi ma wani lokaci yana yi. Amma ki gwada a gida tukuna, a hannu ɗaya, ki shinshina bayan rabin awa, ki sake bayan awa biyu. Kada ki fara gwajin ranar biki. Shawarata: shi da rana, a kayan da ba a turara ba, humra da dare. Kuma kada ki taɓa zuba su cikin kwalba ɗaya.

Akwai alkohol a ciki?

Akwai, shi ne ma kaso mafi yawa. Hukuncin yin salla da shi kuwa, malamai za ku tambaya.

Yana ɓata kaya?

Yana iya barin tabo a siliki da farar shadda in an fesa kusa-kusa. Gwada a cikin lafin riga tukuna. Kada a fesa a kan sarƙa ko 'yan kunne.

A ina zan ajiye shi?

A cikin kwalinsa, cikin durowa, a ɗaki mafi sanyi. Ban da mota, ban da bakin taga, ban da banɗaki. Man lemo shi ke fara lalacewa in zafi da haske da iska suka taɓa shi. Sai ka ga ruwan ya yi duhu, farkon ƙamshin ya koma tsami. Mutum ya bar kwalba a mota tun Maris har Mayu, sannan ya ce turaren ba shi da kyau! A rufe murfin bayan kowane amfani. Wanda ba kullum yake sawa ba ya sayi kwalbar mililita 50 maimakon 100.

Wuyana yana ƙaiƙayi in na fesa. In ci gaba?

A'a. Wanke wurin da ruwa da sabulu, ka daina sa shi a fata, ka koma fesawa a tufafi kawai. Tsohon turare mai man lemo ya fi sabo jawo haka, don haka duba ko kwalbarka ta daɗe a buɗe. Kafin sayen sabo, fesa ɗaya a cikin gwiwar hannu ka jira kwana 2. In ƙuraje suka fito ko wurin ya kumbura, je ka ga likitan fata.