Farfaganda: Kalmar da Kowa ke Jifan Abokin Hamayya da Ita

A teburin mai shayi ko a zauren WhatsApp na 'yan unguwa, da zarar an kawo labarin da bai yi wa wani daɗi ba, sai ka ji ya ce, "Rabu da su, farfaganda ce." Nufinsa ƙarya ce. Ni da nake koyar da 'yan aji biyar da shida na sakandare a Gusau, wannan fahimtar nake fara warwarewa, domin yaron da ya ɗauka farfaganda ƙarya ce kawai, ranar da ta zo masa riƙe da gaskiya a hannu zai yi mata shimfiɗa.

Kalmar baƙuwa ce. Tushenta Latin ne, ma'anarta yaɗawa. A 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa wata majalisa a birnin Rum mai kula da yaɗa addinin Katolika, sunan majalisar ne ya fito da kalmar fili. A lokacin ba ta da wani aibu. Yaƙin duniya na farko ne ya fara shafa mata baƙin jini, sai Jamus ta zamanin Hitler ta ƙarasa, da ta buɗe mata ma'aikata sukutum a 1933 ta damƙa wa Joseph Goebbels, ɗaya daga cikin makusantan Hitler. Mu kuma muka aro ta daga Turanci muka lanƙwasa ta da harshenmu.

A yau farfaganda na nufin saƙon da aka tsara da gangan don a juya tunanin jama'a zuwa inda mai saƙon yake so. Wani lokaci da ƙarya ake yinta. Amma gwanayenta ba sa son ƙarya, saboda ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Sun fi son su zaɓi gaskiyar da ta yi musu, su binne sauran, sannan su sa wa wadda suka zaɓa rigar da suke so.

Rigar nan ita ce kalma, kuma a nan na fi daɗewa da ɗalibai.

Nakan rubuta jimla huɗu a allo: gwamna ya ce zai biya, gwamna ya tabbatar zai biya, gwamna ya yi iƙirarin zai biya, wai gwamna zai biya. Sai in tambaya wacce ce ƙarya. Aji ya yi tsit. Babu ƙarya ko ɗaya, magana guda ce gwamnan ya yi. Amma "ya tabbatar" ta sa ka sakankance, "iƙirari" ta sa ka ɗaga gira, ita kuwa "wai" harafi uku ce ta rushe maganar baki ɗaya ba tare da mai labarin ya ɗauki alhakin komai ba. Wata yarinya ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai haka gwaggona take yi idan tana ba da labarin kishiyarta." Aka fashe da dariya, amma ta fi kowa gane darasin.

Akwai kuma "an". "An kashe mutum goma" ta ɓoye wanda ya yi kisan. "Mutum goma sun rasa rayukansu" ta fi ta ɓoyewa, kai ka ce faɗuwa suka yi a rijiya. Duk inda ɗalibi ya ga "an", ina so ya tambaya: wa ya yi, kuma me ya hana a faɗi sunansa? Wani lokaci ba a sani ba ne. Wani lokaci an sani sarai.

Mu a Zamfara ba sai mun je nesa neman misali ba. Mutanen da suka addabi dazuzzukanmu, wani ya kira su 'yan bindiga, wani ɓarayin daji, wani 'yan ta'adda. Kowane suna da maganin da yake nunawa: ɓarawo kotu ake kai shi, ɗan ta'adda yaƙarsa ake yi. Abin ya wuce gardamar baki, domin sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci a Nuwamban 2021 ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Haka zaman da ake yi da su: mai goyon baya ya ce sulhu, mai adawa ya ce lallaɓa masu laifi. Da gwamnan jihar na lokacin, Bello Matawalle, ya bar PDP ya koma APC a Yunin 2021, abu ɗaya ne ya faru, amma "ya sauya sheƙa" da "ya amsa kiran jama'a" da "ya ci amanar jam'iyya" labarai uku ne daban.

Misalin da ya fi tayar da ƙura a aji shi ne na Oktoban 2022, lokacin da gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu kafofin yaɗa labarai a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM da Gamji TV, saboda sun ɗauki taron PDP bayan an dakatar da tarukan siyasa da hujjar tsaro. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta yi tir da matakin, kuma cikin 'yan kwanaki aka janye shi. Nakan raba aji biyu, in ce kowane ɓangare ya fitar da kanun labari ba tare da ƙarya ba. Ɗaya ya kan zo da "an hukunta kafofin da suka karya dokar tsaro", ɗayan kuma "an toshe bakin 'yan jarida". Daga nan su da kansu suke ganin abin da kowane kanu ya bari a baya.

Koyar da irin wannan ba sabon abu ba ne. A 1937 aka kafa wata cibiyar nazarin farfaganda a New York ta Amurka, ta fitar da dabaru bakwai tana raba wa makarantu. Da na duba su sai na ga duk mun san su da sunan gida. Laƙaba wa mutum mummunan suna, ai zambo ke nan. Manyan kalmomi masu ƙyalli irin su "ci gaba" da "ceto al'umma", kirari ne. Ɗan takara ya tsuguna ya sha fura a kasuwa gaban kyamara, wato shi ma talaka ne. A jingina shi da malami ko sarki don albarkarsu ta shafe shi. A ce "kowa ya bi, kai kaɗai ka rage", sai a haɗa da hoton taron da aka ɗauka daga kusurwar da ta cika, a ce ba masaka tsinke.

Su kuwa sojojin baka, waɗanda ake saya wa fili a rediyo su wasa ubangida su yagi abokin hamayyarsa, ban cika jin tsoronsu ba. Kowa ya san inda suka dosa. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne labarin ƙarfe shida da ake karantawa da murya mai natsuwa, a ba ɗan takara ɗaya minti biyar da muryarsa, ɗayan kuma a taƙaita shi a jimla guda can ƙarshe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi a raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu, musamman a kafofin gwamnati. Ɗalibi da agogon waya zai iya aunawa da kansa.

Yaran da suka yi Islamiyya sukan riga ni kaiwa, domin sun san ayar Suratul Hujurat da ta ce a bincika labarin da fasiƙi ya kawo, sun kuma san ana duba isnadin hadisi kafin a karɓa. Wa ya faɗa, daga wa ya ji, me zai samu idan na yarda?

Inda gizo ke saƙa shi ne kowane yaro gwani ne wajen gano farfagandar jam'iyyar da gidansu ba sa yi. Ta gidansu kuwa sunanta gaskiya. Don haka aikin gida da nake bayarwa guda ne: ka kawo labari daga kafar da mahaifinka ya fi amincewa da ita, ka ja layi ƙarƙashin kalma uku da aka zaɓa don a ja ra'ayinka, ka sake rubuta shi da kalmomin da ɓangarorin biyu za su yarda da su. A zangon da ya wuce wani yaro ya dawo da takardarsa fara fat, ya ce, "Malam, na duba sau uku, wannan gidan rediyon ba su da son kai." Na karɓi labarin na miƙa wa na kusa da shi, wanda gidansu ke ɗaya jam'iyyar. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya ja layi bakwai.