Rana, Wata da Taurari: Ilimin Sararin Samaniya Don Yara

Ilimin taurari, wanda malamai ke kira ilimin falaki, shi ne nazarin abubuwan da ke sararin samaniya: girmansu, nisansu, tafiyarsu da abin da aka yi su da shi. Abu na farko da mai koyonsa zai sani shi ne ido yana da yaudara. Abin da ya yi nisa sai ya ga kamar ƙarami ne, kuma wanda ke cikin mota yana gudu gani yake kamar itatuwa ne ke komawa baya.

Rana

Rana tauraruwa ce kamar sauran taurarin da muke gani da dare. Abin da ya sa ta fi su girma da haske a idonmu shi ne kusanci, duk da cewa tsakaninmu da ita akwai kimanin kilomita miliyan 150. Haskenta yana yin minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso mu. Faɗinta ya ninka na Duniya sau 109.

Ba wutar itace ko gawayi ke ci a cikinta ba. Dunƙulen iska ce mai tsananin zafi, akasarinta haidirojin, kuma a can tsakiyarta, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, wannan iska tana haɗewa ta rikiɗa ta zama hiliyom. Daga wannan rikiɗa ne zafi da haske ke fitowa.

Muna cewa rana ta fito, ta take, ta yi sanyi, ta faɗi. A haƙiƙa Duniya ce ke juyawa kamar katantanwa, daga yamma zuwa gabas, sau ɗaya cikin awa 24. Ɓangaren da ya fuskanci rana yana cikin yini, ɗayan yana cikin dare. Bayan haka Duniya tana kewaya rana cikin kwana 365 da rubu'i. Wannan rubu'in ake tarawa, duk shekara huɗu a ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya.

Wata

Wata ba shi da hasken kansa. Dutse ne da ƙura, ba iskar shaƙa, kuma farin watan da yara ke wasan dandali a cikinsa hasken rana ne ya doki jikinsa ya dawo mana. Shi ne maƙwabcinmu mafi kusa, a nisan kimanin kilomita 384,000.

To me ya sa yau jinjiri ne, bayan mako biyu ya zama kamar faifai? Ba girma yake yi ba, ba kuma raguwa yake ba. Kullum rabinsa na cikin hasken rana. Yayin da yake kewaya Duniya, wani lokaci gefen wannan rabin kaɗai muke hange, wani lokaci mu gan shi duka. Yaro zai iya gwadawa da kansa: a shiga ɗaki mai duhu, wani ya haska tocila daga gefe ɗaya, shi kuma ya riƙe lemo da miƙaƙƙen hannu yana juyawa a hankali inda yake tsaye. Zai ga hasken da ke jikin lemon ya fara siriri kamar lauje, ya kai rabi, ya cika, sannan ya dinga zaizayewa.

Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 ne da rabi. Da yake babu rabin kwana a lissafi, shi ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30, kuma shi ya sa a daren 29 ga Sha'aban mutane ke cincirindo suna duban yamma bayan faɗuwar rana, a Najeriya kuma a kasa kunne a ji sanarwar Sarkin Musulmi. Wata 12 irin wannan suna ba da kwana 354, wato sun gaza shekarar rana da kusan kwana 11. Wannan giɓin ne ke sa azumi yawo: na wasu shekaru ya faɗo cikin zafin bazara, na wasu cikin damina, na wasu cikin hunturu, har ya kewayo inda ya faro bayan kimanin shekara 33.

Ɗan Adam ya taka wata a Yulin 1969, lokacin da 'yan sama jannatin Amurka biyu, Neil Armstrong da Buzz Aldrin, suka sauka daga kumbon Apollo 11. Zuwa 1972 mutum 12 ne suka taka shi.

Husufi

Idan Duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta sai ta rufe watan ya yi jajir. Hausawa kan ce wata ya yi zazzaɓi, ko rana ta kama wata, kuma a da yara kan fito suna kaɗa gwangwanaye don ta sake shi. Wannan ba ya faruwa sai wata ya cika. Husufin rana kuwa wata ne ke gittawa tsakani ya tare ta. Abin mamaki, rana ta fi wata faɗi sau 400, amma ta fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta ruf. An ga irin wannan a ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da gari ya yi duhu da hantsi a sassan Gana, arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar. Ko a lokacin husufi ba a kallon rana da ido tsirara, domin tana iya lalata gani.

Taurari da duniyoyi

Taurari ranaku ne, wasu ma sun fi tamu girma nesa ba kusa ba. Nisansu ya wuce a ƙirga da kilomita, sai dai da tafiyar haske, wanda ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Duk da wannan gudu, hasken tauraruwar da ta fi kusa da mu bayan rana yana shafe fiye da shekara 4 a hanya. Da rana ma suna nan, hasken gari ne ke ɓoye su.

Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, tana da sauƙin ganewa a dararen hunturu: 'yan taurari shida ko bakwai a cure wuri ɗaya. Da madubin hangen nesa ana ganin ɗaruruwa, kuma hasken nasu ya baro gida fiye da shekara 400 da suka wuce.

Sai dai ba duk mai ƙyalli ne tauraruwa ba. Zara, wadda ake wa kirari da matar wata saboda yawan ganinta kusa da jinjirin wata da almuru, duniya ce kamar tamu, tana aron haske daga rana. Gamzaki mai fitowa da asuba kuma ba kowa ba ne illa ita ɗin dai, wato Zuhura: wasu watanni tana bayyana a yamma, ta ɓace, sannan ta ɓullo a gabas. Duniyoyi 8 ne ke kewaya rana, tamu ce ta uku, Mushtari ce babbarsu. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: tauraruwa tana ƙyaftawa, duniya kuwa haskenta a tsaye yake.

Akwai kuma tauraruwa mai wutsiya, wadda karin magana ya ce ganinta ba alheri ba. An ɗora mata laifin da ba nata ba. Curin ƙanƙara ce da ƙura, idan ta matso kusa da rana zafi ya sa ta fitar da tururi, shi ne wutsiyar. Mafi shahara ita ce ta Halley, mai dawowa duk bayan kimanin shekara 76. An gan ta a 1986, kuma yaran yanzu za su iya jiran ta a 2061.